Hannun Mamuda Cikin Besfar Husaini

Duk wanda ya ga Mamuda yau zaune a ƙofar garajinsa a Magarya, hannun dama ajiye bisa cinya kamar ba nasa ba, sai ya ce wani salihin dattijo ne. Salihi! Ni Mushe Yakuba, haƙorina na gaba da kuke gani babu, wannan salihin ne ya cire shi, ranar Juma'a kuma, an sauko daga masallaci, don kawai na ce fentin da ya yi wa babur ɗina Besfa ya yi kama da miyar kuka. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, babu wanda ya taɓa nuna mini yatsa sai shi. Duk da haka ni zan ba da labarinsa, don ni na san shi, kuma ina tsaye a wurin ranar da hannun nan ya tashi daga aiki.

Ɗan mahauta ne daga Kwaya. Tun yana saurayi dambe ya ɗauke masa hankali. Da an gama yankan hatsi, sai su ɗauki makaɗan kalangu su bi garuruwa, kuma duk inda suka sauka sai an kwashi wani a ƙasa. A Dungas ne ya gamu da wanda ya fi ƙarfinsa, wani dogon saurayi mai suna Husaini, wanda ya kai shi ƙasa shekara biyu a jere gaban ƴan mata. A karo na uku Mamuda ya yi abin da ba a yi. Da zai naɗe hannunsa da zare, ya cusa guntun ƙarfe a ƙarƙashi.

Ni lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a Dungas, ina cikin ƴan kallo. Naushi ɗaya ne. Ban ji ƙarar naushi ba, ƙarar fashewar ƙwai na ji. Husaini ya durƙusa ya dafe fuska, abin da ya biyo tsakanin yatsunsa ba jini kaɗai ba ne. Makaɗa suka tsaya. Wani dattijo ya cafke hannun Mamuda ya warware zaren, ƙarfen ya faɗo ƙasa kowa yana gani. Kai, ranar na ga tashin hankali! Mutanen Dungas suka yi kansa da sanduna, suka rotsa masa kai, suka karya masa haƙarƙari biyu, da ƙyar jandarma suka zare shi daga ƙarƙashin ƙafafun jama'a. Ya yi wata takwas a gidan kaso. Husaini ya rasa idon hagu. Mamuda bai sake shiga fagen dambe ba, amma kuma bai taɓa taka ƙafa ya je ya ce a yafe masa ba.

Da ya fito, babu mai son ganinsa a mahauta. Malam Kadi ne ya ɗauke shi. Malam Kadi ya koyi gyaran jikin Besfa a Kano, ya dawo Magarya da wani akwatin ƙarfe kore wanda ya fi ƙaunarsa bisa ga komai nasa. Shi ya zaunar da wannan ɗan tashin hankali ya koya masa bugu. Abin mamaki, hannun da ke fasa fuskar mutane in ya riƙe ƙaramar guduma sai ya koma kamar na mai ɗinkin hula. Besfa za ta zo a lotse kamar tsohuwar kwalla, ya yi ta bin ta tif-tif-tif kwana uku, ka shafa tafinka ba za ka gane inda ta bugu ba. Hali dai bai sake ba. Ya taɓa ɗaga wani ɗan kabu-kabu da ya zauna kan ɗanyen fenti ya jefa shi cikin kwata. Ya taɓa janyo wani ɗan kasuwa ta saman teburinsa saboda ya sayar masa da jabun fenti. Haƙorina kuwa na riga na faɗa muku.

Mu masu Besfa mun zama ƴan tsiraru. Baburan roba na yanzu sun cika gari, ana yi mana dariya, ana ce mana masu hawan tukunya. Tsakanin Magarya da Dungas da Sassumbrum mu goma sha ɗaya muka rage, yawanci masu furfura, kowa yana lallaɓa tsohuwarsa kamar amarya. Duk cikinmu kowa ya iya ɗan bugu, amma kayan bugun na wuri ɗaya ne, wato akwatin Malam Kadi. Guduma uku ne a ciki: ƙarama mai fuska sumul kamar madubi, da mai tsini, da wata ƙatuwa da ba a taɓa ta sai in za a miƙe ƙasan babur inda ake ɗora ƙafa. Sai kuma wasu dunƙulallun ƙarafa biyar masu santsi da muke kira matasai, kowane da irin lanƙwasarsa. Ba a samun irinsu a kasuwa, ko a Damagaram.

Ga yadda aikin yake. Jikin Besfa falle ɗaya ne na ƙarfe marar kauri. In ya lotsa, mutum ɗaya zai riƙe matashi daga ciki ya tokare wurin, ɗaya ya yi bugu daga waje. In lotsawar a gefen baya take, sai an cire tayar baya, mai riƙo ya kwanta a ƙasa ya zura hannu har kafaɗa cikin wani matsattsen wuri tsakanin fallen waje da ƙashin bayan babur. Ba ya ganin guduma, mai bugu ba ya ganin hannunsa. Mai riƙo zai ƙwanƙwasa daga ciki don a san inda yake. In guduma ta sauka daidai kan matashi, za ka ji ƙwal. In ta kauce, za ka ji dum, kuma yatsun mutum ne a wurin. Da kunne ake wannan bugu, duk mun san haka.

Kafin Malam Kadi ya rasu ya tara mu ya bar mana akwatin, da sharaɗi. Ba na kowa ba ne, ba a karɓar ko dala a kansa. Duk mai Besfa da ya nema a ba shi, ko wane ne. Wanda ya yi aiki da shi na ƙarshe shi ke ajiyarsa, kuma in wani ya nema, ba aike, shi da ƙafarsa zai kai, ya kwanta ya riƙe wa mai babur matashi. Ya yi haka ne don an taɓa aika akwatin hannun direba matashi ɗaya ya ɓata. Shekara goma sha huɗu muna bin wannan doka babu wanda ya karya.

To, bara bayan sallar layya, akwati yana hannun Mamuda, sai ga saƙon murya a zauren da muka buɗe a waya. Wani ne daga Dungas yake cewa ya gaji Besfar mahaifinsa, ya tayar da ita, amalanken shanu ya goge ta a gefen baya, yana neman akwati. Ya faɗi sunansa. Husaini.

Wallahi sai da na ajiye cokalin da ke hannuna. Na hau babur na tafi garajin, na tarar da Mamuda yana goge matasai da tsumma yana jera su.

Na ce, "Mamuda, ba ni akwatin ni in kai."

Ya ce, "Hannunka yake?"

"Haba, wa zai ga laifinka? Shekara talatin mutumin nan bai taɓa hawa Besfa ba, sai yanzu da ya ji labarin dokarmu? Kuma a gefen baya? Kai ba ka da kai ne?"

Ya miƙe ya cakumi wuyan rigata har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ya ce, "Mushe, ɗaya haƙorin ma ya ishe ka ne? Malam Kadi ya ce ko wane ne." Ya sake ni na faɗa kan tsohuwar taya.

Matarsa Baturiya ta fi ni ƙoƙari. Ta ɓoye makullin babur cikin tukunyar daddawa, ta tsaya a bakin zaure ta ce sai dai ya bi ta kanta. Ta ce, "Malam, da wannan hannun muke ci. In ka kai musu shi, me za ka dawo mana da shi?" Bai taɓa ta ba, don duk haukansa bai taɓa ɗaga wa Baturiya hannu ba. Ya haɗa waya da waya ya tayar da babur, ya ɗaure akwati a baya. Da na ga haka na kira mutum uku cikinmu muka bi shi.

Da hantsi muka isa Dungas, ranar kasuwa. Gidan Husaini yana bayan masu sayar da gyaɗa, don shi ma sana'arsa ke nan. Ya fito, dogo har yanzu, ya yi furfura, gurbin idon hagu ya shafe ya lotsa. A ƙofar gidan akwai ƴan uwansa maza wajen goma zaune kan tabarma, ba wanda ya yi kama da mai sha'awar Besfa. Aka yi gaisuwa a bushe. Husaini ya ce, "Sannu da hanya, Mamuda." Mamuda ya ce, "Ina babur ɗin?"

An riga an cire tayar baya, an ɗora Besfar kan turmi. Mamuda ya shafa lotsawar, ya zaɓi matashi, ya tuɓe riga, ya kwanta cikin rairayi, ya zura hannun dama har kafaɗa. Fuskarsa tana kallon bango. Ya ƙwanƙwasa daga ciki sau biyu.

Husaini ya ɗauki ƙaramar guduma. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal. Ashe ya koyi bugu a wani wuri, hannunsa bai kauce ko sau ɗaya ba. Har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Lotsawa ta kusa tashi, sai na ga ya ajiye ƙaramar a hankali bisa tsumma, ya miƙa hannu cikin akwati ya ɗauko ƙatuwar.

Na ce, "Kai, ba da wannan ake..."

Ban ƙarasa ba. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke ta taƙi ɗaya ƙasa da inda matashi yake. Dum! Ƙarfen ya shige ciki. Jikin Mamuda ya miƙe kamar an soka masa wuƙa, dugadugansa suka tono ƙasa, amma bai yi ihu ba. Wani irin gurnani ya yi kamar sa a mahauta. Muka yi kan Husaini, ƴan uwansa suka tashi, ashe sanduna suna ƙarƙashin tabarma. Wani ya sauke mini ɗaya a kafaɗa na durƙusa, aka fasa wa ɗayanmu baki, mata suka fara kururuwa daga cikin gida. Sai muryar Mamuda ta fito daga ƙarƙashin babur.

"Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne! Mushe, ku koma baya."

Aka tsaya cirko-cirko. Jini yana bin damtsen Mamuda yana ɗiga a hammata. Sai muka ji ƙwanƙwasa daga ciki, a raunane, sau biyu.

Mamuda ya ce, "Ga matashi nan. Aikin bai ƙare ba."

Husaini ya tsaya yana huci. Ya sake ɗaga gudumar. Dum! Wannan karon na ji ƙarar ƙashi, irin ta busasshen kara. Na rufe ido na yi salati da ƙarfi. Da na buɗe, matashin ya suɓuce ya faɗo ƙasa jina-jina, Mamuda kuma bai zare hannu ba, don ƙarfen ya matse shi. Husaini ya jefar da gudumar ya shige gida. Da sandan ɗaya daga cikin masu dukanmu muka ɓamɓare fallen muka ciro hannun. Ban so in faɗi yadda yake ba. Yatsu uku sun juya inda yatsu ba su juyawa, tafin ya fashe kamar gurjin da aka taka.

A gidan likita suka ɗinke abin da zai ɗinku. Wani mai ɗori a Sassumbrum ya yi wata biyu yana fama da sauran. Da jandarma suka zo tambaya, Mamuda ya ce hatsarin aiki ne, mai ido ɗaya ne ya kuskure. Ƙarya ce, kuma ya san mun san ƙarya ce. Hannun ya warke a shanye. Ba ya dunƙulewa, ba ya riƙe guduma, ko lomar tuwo da ƙyar. Na yi fushi da shi fushin da ban taɓa yi da kowa ba, don a duk ƙasar nan babu mai bugu irinsa, ya je ya miƙa hannun kamar goro.

Akwati kuwa yana Dungas, tunda Husaini ne ya yi aiki da shi na ƙarshe. Muka ce za mu je mu ƙwato shi, Mamuda ya ce wanda ya je ya kuka da kansa. Wata huɗu babu wanda ya nemi akwatin. Duk Besfar da ta lotsa cikinmu ta zauna a lotse, don ba mai son ganin fuskar mutumin nan a ƙofar gidansa.

Rannan da safe Baturiya ta zo gidana ko mayafi bai zauna daidai ba. Ta ce, "Mushe, ka zo, mutuminka zai yi kisa." Ta ce da idonta ta ga ya ɗauki taɓarya da hannun hagu ya maka wa Besfarsa a gefen baya, daidai wurin da aka yi masa. Wannan Besfa shuɗiya ce, ta Malam Kadi ce ya bar masa, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Kafin in sa takalmi saƙo ya shigo waya. Muryar Mamuda ce: "Besfata ta lotsa. Ina neman akwati."

Na rantse wa Baturiya cewa Husaini ba zai zo ba, wane mahaukaci ne zai zo? Kwana biyu bayan haka, da la'asar, sai ga shi shi kaɗai, akwati ɗaure a baya. Babu ɗan uwa ko ɗaya tare da shi. Mu goma duk muna garajin, har da mutanen unguwa a bakin titi. Ya sauke akwati, ya buɗe, komai a goge, har matashin da ya sha jini. Ya tuɓe riga ya kwanta, ya zura hannun dama har kafaɗa, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Daga ƙasa ya ce, "Mamuda, ranar nan ina jin ƙarar matashin sarai. Na san inda yake. Da gangan na yi."

Mamuda ya ce, "Na sani. Ni ma ƙarfen ba shi ya shiga zaren da kansa ba."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙatuwar guduma da hannun hagu. Baturiya ta ƙwalla ƙara. Ni na riƙe masa hannu, ya ture ni da kafaɗa na bugi bango. Ya ɗaga ta sama har bayan ƙeya, jijiyoyin wuyansa sun tashi, idanunsa sun yi ja wur, irin fuskar da na gani a fagen Dungas shekara talatin da suka wuce.

Ya sauke ta a kan fitilar gaba. Gilashi ya tarwatse har bakin titi. Ya sake ɗagawa ya maka wa ƙirjin babur, ya maka wa sirdi, ya maka wa kan babur, ya bi ta ko'ina yana duka yana ruri, fenti yana tashi, ƙarfe yana kuka, Besfar Malam Kadi tana rawa kan turmi kamar za ta kife kan mutumin da ke ƙarƙashinta. Ya doke ta ya fi sau ashirin. Wuri ɗaya kaɗai bai taɓa ba, faɗin tafin hannu, inda aka ƙwanƙwasa. Shi kuma Husaini, ɓaraguzan gilashi suna zubo masa a ƙirji, ya jiƙe wandonsa, amma bai zare hannun ba.

Da ƙarfin Mamuda ya ƙare ya saki gudumar, ya zauna daɓas a ƙasa yana haki. Can ya jawo ƙaramar guduma, ya matsa kusa, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ƙwanƙwasa in ji inda kake."

Ya fara bugu da hagu, a karkace, kamar sabon koyo. Husaini yana kwance yana kuka, hawaye yana bin gefe ɗaya na fuskarsa. Ni ma na yi, ban ɓoye ba.

Babur ɗin da Mamuda ya ragargaza ba aikin rana ɗaya ba ne. Husaini ya riƙa zuwa daga Dungas duk Asabar. Amma hagun Mamuda bai iya bugu ba, yana ɓata fiye da abin da yake gyarawa, shi kansa ya gani. Asabar ta uku na zo na tarar sun yi musanya. Husaini yana tsaye da guduma, Mamuda yana tuɓe riga zai kwanta.

Na ce, "Kai wai mahaukacin ina ne? Hannun hagu kaɗai fa ya rage maka!"

Ya dube ni daga ƙasa ya ce, "Mushe, in ba za ka riƙe mana turmin ba, matsa ka ba mu haske."

Ya zura hannun hagu har kafaɗa, ya juya fuska ga bango, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ni dai ban iya kallo ba. Na juya baya na riƙe turmin, ina jin guduma tana sauka ƙwal, ƙwal, ƙwal, har aka kira sallar azahar.